Darasi: Kwamfutarka a cikin filash

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau kan Tails za mu yi magana, musamman don ɗalibanmu na Samaru da Kongo a jami'ar ABU Zariya masu aron laftof ɗin abokai.

Tails manhaja ce mai tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, irin aikin da Windows ke yi, amma ita a cikin filash take zaune, kuma amfaninta shi ne kare sirrinka. Tun 2009 ta fito, a kan Debian (wata manhajar tuƙa kwamfuta) aka gina ta, kuma kyauta ce. Da ita Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ya yi hulɗa da 'yan jarida a 2013.

To, ka samo filash mai gigabayit 8 ko fiye, ka kwashe kayanka, don kaf za a goge shi. Daga tails.net kaɗai za ka sauko da ita. Kada ka je Sabon Gari ka ce wani ya tura maka, ba ka san abin da aka cusa ciki ba. Za ta ci data sama da gigabayit ɗaya, wannan kam sai haƙuri.

In ka gama ɗora ta a kan filash ɗin, kashe kwamfutar, soka filash ɗin, kunna, ka yi ta danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce. Jeri zai fito, ka zaɓi filash. A waya ba ta aiki, kada ka wahalar da kanka.

Duk shigarka intanet ta Tor take bi, wato sai ta ratsa kwamfutoci uku kafin ta kai inda ka nufa. Kamfanin layinka zai ga kana kan Tor, amma bai san shafin da ka buɗe ba. Akwai rashin sauri fa, bidiyo ma sai ka yi ta jira. Da ka zare filash ɗin kuwa, sai ta mutu ta manta komai. Mai laftof ba zai tarar da ko alama ba. In kana son ajiye takardu, akwai ma'ajiya mai kalmar sirri, amma in ka manta kalmar, shi ke nan, babu mai buɗe maka.

Yanzu ku saurara da kyau. Ka hau Tails, ka shiga Facebook da sunanka da lambar wayarka, to me ka ɓoye? Kai da kanka ka faɗi ko wane ne. Haka hoton da ka ɗauka da waya, sau da yawa yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi, sai ka goge kafin ka tura. In kana da aiki biyu da ba ka so a haɗa su, gama ɗaya, kashe Tails, sake kunna ta, sannan ka shiga na biyun.