Wa Zai Tsaya Masa? Rayuwa Bayan Gidan Yari a Kaduna

Assalamu alaikum, masu kallo.

Wannan ƙofar da kuke gani a kan titin Independence Way, ta babban gidan gyaran hali na Kaduna ce, ginin da yake tsaye tun zamanin Turawa. Mun sha wucewa ta gabanta a cikin Keke Napep, ko kallo ba ta ishe mu ba. Amma akwai safiyar da ake buɗe ta, mutum ya fito da 'yar leda a hannu, ciki riga ɗaya ce ko biyu, ya tsaya yana kallon motoci kamar baƙo a garinsu. Alƙali ya gama da shi, gandiroba ya sallame shi. Daga nan sai ina?

Kafin mu bi shi, bari mu san ko wane ne. Da mun ji an ce wane ya fito daga gidan yari, sai zuciya ta tafi kan ɗan fashi ko mai kisan kai. Alhali a faɗin Najeriya, kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ce sun yi laifi ba tukuna. Wani zai shafe shekaru a ciki, daga baya a kori ƙarar, ko Babban Jojin jiha ya kai ziyara ya sallame shi. Wani kuma an ba shi zaɓin tara, kuɗin ne babu. A watan Nuwamban 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin ɗaurarru 4,068 a faɗin ƙasa, bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni aka biya musu tara da diyya. Ku yi lissafin da kanku. In aka raba, kowane mutum ɗaya bai kai naira dubu 150 ba. Abin da ya raba su da iyalansu ke nan.

Doka ma ta sauya. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya. Dokar ta ware ɓangare guda na hukuncin da ba sai an kulle mutum ba: aikin gayya ga al'umma, sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. A cikin gidajen gyaran halin kuma ana koyar da sana'a, ɗinki da kafinta da walda da ɗinkin takalma. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen, inda ɗaurarru ke karatu kyauta. Mu nan Kaduna ba baƙin wannan tunani ba ne, domin a Kakuri akwai buɗaɗɗen sansanin ɗaurarru, a Barnawa kuma akwai makarantar Borstal ta gyaran tarbiyyar matasa. To amma ikon hukuma a bakin ƙofa yake ƙarewa. Abin da ke wajen ƙofar, namu ne.

Mu ɗauka matashi ne ɗan Tudun Wada, ya yi shekara uku. Ya koma gida. Ɗakinsa an zuba 'yan haya. Layin wayarsa ya daɗe da mutuwa, an sayar wa wani, kuma da wannan layin aka haɗa asusunsa na banki. Idan bai da lambar NIN, sabon layi ma ba zai samu ba. In yana da mata, mai yiwuwa iyayenta sun raba auren. Yaran unguwa sun raɗa masa suna, ba a kiransa da wanda ubansa ya yanka masa rago. Ya shiga majalisa ya yi sallama, sai ka ga kowa ya lallaɓa aljihu ya gyara zaman wayarsa. Yana gani. Kada ku ɗauka ba ya gani.

Washegari ya yi sammako ya nufi Panteka, kasuwar maƙera da masu walda, tunda ya koyi walda a gidan yari. Ya durƙusa ya gaida wani maigidan shago, ya ce, “Baba, aiki nake nema, na iya walda.” Dattijon ya dube shi, ya tambaye shi inda ya koya. Ya faɗi gaskiya. Sai dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Yaro, ban ƙi ka ba. Amma wa zai tsaya maka?”

Wannan tambayar ita ce gaba ɗayan maganar. A ƙasar Hausa komai da mai tsayawa ake yin sa. Ba a ba ka ɗakin haya sai wani ya ce ya san ka. Ba a ba ka Keke Napep kana kawo balas sai da mai tsaya maka. Ba a sa ka cikin adashi, ba a ba ka kaya bashi a Kasuwar Bacci, balle a ba ka 'ya, sai an yi bincike an ji daga bakin wanda aka yarda da shi. Babbar asarar wanda aka ɗaure ita ce ta masu faɗin “na san shi”. Kuɗin tara ana iya biya a yini ɗaya, wannan kuwa sai wani ya ɗauki nasa mutuncin ya jingina masa.

Kuma ban ga laifin dattijon Panteka ba. Injin waldarsa da janareta da ƙarfen mutane duk a shagon suke kwana. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofa. Abin da ke buɗe ta shi ne a rage wa mai shago kasadar. Kawun yaron ya saka babbar riga, ya biya ya ɗauki mai unguwa, su je tare. Kawu ya ce, “Alhaji, ɗan ƙanwata ne. Ya yi kuskure, ya sha hukuncinsa. Ka gwada shi wata uku. Ko ƙusa ta ɓace, ni za ka nema.” Mai unguwa ya zama shaida. Maganar ba ta fi minti goma ba, amma ta fi wata takardar shaida nauyi.

Masu niyyar taimako da dukiya, ga shawara. Kuɗi a hannun mutumin da ya fito jiya, ga bashi ga yunwa, ba ya kwana uku. Kayan aiki sun fi: keken ɗinki, injin aski, baro, ko a biya masa hayar ɗaki ta shekara kai tsaye ga mai gida. Ita ma hukumar gyaran hali tana da tsarin bai wa wasu da suka ƙware kayan sana'a bayan an sallame su, sai dai ba ya isa ga kowa. Nan ne kwamitin masallacin unguwa, da coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da gurbi. Masu fitar da zakka su tuna, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ce a bai wa. Kuma kada a miƙa kayan a ɗauki hoto a watse. A sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa shi duk Juma'a, ya tambaye shi ciniki, ya ji abin da ke damunsa.

Domin akwai abin da ba a gani da ido. Wanda ya shekara yana kwana a cunkushe, ana ƙirga shi safe da yamma, ba ya dawowa yadda ya tafi. Wani barci ke gagararsa, wani saurin fushi, wani ya kulle kansa a ɗaki. In ƙwaya ce ta kai shi tun farko, tsofaffin abokai na nan a bakin kwalbati, kuma sau da yawa su kaɗai ne ke yi masa maraba da fara'a. Zama da maɗaukin kanwa kuwa mun san abin da yake kawowa. Irin wannan ciwo ne, yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu fama da shaye-shaye da damuwa, kuma raka ɗan'uwa can ba abin kunya ba ne.

Mata kuwa nasu ya fi tsanani. Namiji ana iya cewa ƙuruciya ce. Mace in ta fito, sau tari miji ya sake ta, an raba ta da 'ya'yanta, gidan ubanta ma ana karɓarta da sanyin jiki. Malaman Islamiyya mata da ƙungiyoyin zumunta na mata, wannan aikin babu mai iya shi sai ku.

Ba mu manta da wanda aka cuta ba. Mutumin da aka fasa wa shago yana da haƙƙi, kuma zaman gidan yari bai mayar masa da kayansa ba. Kada a tilasta masa yafiya, kada a ce masa “ai ya wuce”. In ya amince, a zauna a zauren mai unguwa, wanda ya yi laifin ya buɗe baki ya amsa, a tsara yadda zai riƙa biya ko da kaɗan-kaɗan ne daga abin da yake samu. In bai amince ba, a ba shi lokaci. Haka kuma tsaya wa mutum ba rufa masa asiri a kan sabuwar ɓarna ba ne. In laifin da ya yi ya shafi yara, ba a ba shi aikin da zai kaɗaita da yara, ko da ya tuba.

Iyaye, ku kuma ku fara tun yana ciki. Ku riƙa kai ziyara, ku tambayi jami'in walwala na gidan ranar da wa'adinsa zai cika. Ku nemo mai tsaya masa kafin ranar, ku share masa wurin kwana. Ranar da za a buɗe ƙofar nan ta Independence Way, wani ya je ya jira shi da kuɗin mota da riga mai tsabta, ya kira shi da sunansa na yanka.