Ƙarin da ke bin tsawon laka: lacca daga Aboabo, Kumasi

Iyayena, malamaina, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum. Abin da zan yi magana a kai yau ciwo ne da likita kan yi shekaru yana aiki bai gamu da shi ba, amma na zaɓe shi ne domin hanyar da yake bi yana ɓuya ita ce hanyar da cututtukan laka da yawa suke bi.

Laka farar jijiya ce mai kaurin ɗan yatsa, tsawonta kimanin santimita 45 a jikin baligi, ta taso daga ƙeya ta bi ta cikin ƙashin baya ta tsaya a saman ƙugu. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu, ƙafa ko mafitsara, ta nan yake wucewa. Yawancin ƙarin da ake samu a baya daga waje yake danne laka, sau da yawa ciwon dajin nono, huhu ko na mafitsarar maza ne ya yaɗu zuwa ƙashi. Wanda ke tsirowa a cikin naman lakar kanta kaɗan ne, kuma a cikin wannan kaɗan ɗin akwai wanda ke miƙewa daga wuya har ƙugu, wanda likitoci ke kira holokod. An fi ganinsa a yara. A manya, nau'in da ya fi tsirowa cikin laka shi ne efendaimoma, sai astirosaitoma.

Saboda a tsakiyar laka wannan ƙari yake farawa, inda jijiyoyin jin zafi da sanyi suke giftawa, sukan riga sauran lalacewa. Na taɓa duba wata mai tuyar ƙosai wadda hannuwanta duk tabon ƙuna ne, tana ce mini mai yana fantsamar mata ba ta ji, alhali idan ƙuda ya sauka a wurin tana jinsa. Ta ɗauka sabo da wuta ne. Wani kuma silifas ne ke zame masa a hanyar masallaci bai sani ba, ga ciwon baya da ke tsananta cikin dare idan ya kwanta, saɓanin ciwon gajiya da kwanciya ke sauƙaƙawa. A hankali ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya fara kufcewa, kuma wannan na ƙarshe kunya kan hana mutane faɗa. Kafin a iso gare mu an sha maganin sanyi, an je wajen wanzami an yi ƙaho, wani lokaci ma an zargi kishiya.

A ƙasarmu Gana dole likita ya fara tunanin tarin fukan ƙashin baya, domin ya fi wannan ƙari yawa nesa ba kusa ba, kuma yana da magani. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka. Sai MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu da ke nuna naman cikin jiki, tare da allurar da ke haska ƙarin. Na san yana da tsada, amma ina roƙon a ɗauki lakar gaba ɗaya, domin abin da ya yi kama da dogon ƙari sau da yawa ɗan guntun tsiro ne da jakar ruwa a samansa da ƙasansa, kuma idan aka cire tsiron ruwan yakan janye.

Tun 1887 likitan tiyata Victor Horsley ya cire ƙari daga jikin laka a Landan, majinyacin ya sake tafiya. Yau akwai likitocin wannan tiyata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye a nan Kumasi da na Korle Bu a Akara. Efendaimoma yakan kasance da iyaka bayyananna, don haka ana iya ɓare shi duka, idan doguwa ce tiyatar a raba ta zama biyu. Astirosaitoma kuwa yakan cuɗanya da naman laka, sai a rage abin da ya samu, a bi da gashin haske, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, idan da bukata. Tsawon ƙari ba shi ke nuna muninsa ba. Gwajin naman ne ke faɗa. Abin da ya fi nuna yadda mutum zai tashi bayan tiyata shi ne ƙarfin ƙafarsa ranar da ya shiga: wanda ya shigo da ƙafafunsa ya fi sa ran fita da su.

Ga masu jinyar wanda ya riga ya kwanta, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da dunduniya kowace safiya, kuma idan yana da robar fitsari ya yi zazzaɓi, a kawo shi asibiti a ranar.