Daga Tashar Kawo Zuwa Fadar Samarin Maraɗi: Yadda Aikin Mishan Tsakanin Matasa Yake

[Hoto: cikin majami'a ranar Lahadi]

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya tashi a coci a garin Kaduna, ko a Sabon Tasha ne, ko Narayi, ko Kakuri, ya san wannan ranar. An gama wa'azi, sai fasto ya kira wani matashi da matarsa su fito gaba. Su durƙusa, dattawa su kewaye su, su ɗora musu hannu. Zumuntar Mata su ɗauki waƙa da tulu da caki, a karɓi baiko na musamman, a sanar cewa an keɓe su za su tafi ƙasar waje aikin bishara. Mu yi tafi, mu yi musu fatan sauka lafiya, kowa ya kama hanyar gida.

To, daga washegari fa? Me suke yi a can daga safe zuwa dare, musamman waɗanda aka aika aiki tsakanin matasa da mutanen unguwa? Abin da za mu duba ke nan yau.

[Hoto: tsofaffin hotuna na mishan]

Bari mu ɗan waiwaya. A watan Disamba na 1893, samari uku daga Kanada da Amurka suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya ɗauke biyu, Kent a Bida, Gowans a Girku, nan ƙasar Zazzau. Bingham ne kaɗai ya koma gida da rai, bai kuwa haƙura ba. Daga wannan tafiya mishan ɗin SIM ta samo asali, daga ita kuma aka sami ikilisiyar ECWA a 1954.

Abin da ba a cika faɗa wa matasanmu ba shi ne, iyayenmu ba su tsaya a karɓa kawai ba. Tun 1948, kafin ma ECWA ta tsaya da ƙafarta, aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda yau muke kira EMS. A 1975 kuma, a Zariya, wasu matasa 'yan makaranta da masu yi wa ƙasa hidima suka fara ƙungiyar mishan ta CAPRO, ƙarƙashin jagorancin Bayo Famonure. Saboda haka in ka ga ɗan Kaduna ya ɗauki jaka ya nufi Nijar ko Cadi ko Gana da sunan mishan, hanyar da aka daɗe da sharewa ya bi.

Wane ne ake aikawa? Mutum ba ya tashi da safe ya aiki kansa. A littafin Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta keɓe Barnaba da Shawulu, ta ɗora musu hannu, sannan ta sallame su. Kuma mutanen da ta riga ta san aikinsu ne. Shi ya sa in ka je wa dattawa ka ce, "Baba, ina jin kira," tambayar farko da za su yi maka ta gida ce. Ka taɓa riƙe aji a makarantar Lahadi? Da aka ba ka kuɗin Zumuntar Matasa, lissafi ya cika? Maƙwabtanka me suke faɗa a kanka? Wanda ya kasa haƙuri da yara goma a Unguwar Boro, ƙetare iyaka ba zai ƙara masa haƙuri ba.

Bayan haka sai horo. Wasu su tafi makarantar tauhidi ta Kagoro, wadda take koyar da ma'aikatan ikilisiya tun 1931, wasu kuma makarantun da ƙungiyoyin mishan suke da su. Ni dai shawarata, ka haɗa da sana'ar hannu. Manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti. Koyarwa, jinya, ɗinki, gyaran waya, haɗa wutar sola, duk wadda ka iya. Unguwa takan saki jiki da baƙon da ta san abin da yake ci da shi.

Takardu kuwa, fasfo, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe ka. In Nijar ce, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekarun baya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyaka ta yi watanni a rufe, a Janairun 2025 kuma ƙasar ta fice daga ECOWAS. Ka tambayi ƙungiyar da ke aika ka abin da ake ciki a yanzu, da batun takardu da batun tsaro.

[Hoto: tashar mota da asuba, sannan hanyar Katsina]

Yanzu mu ɗauka kai ne. Ka hau mota a Kawo, ka bi ta Zariya da Funtuwa da Katsina, ka ƙetare ta Jibiya, ga ka a Maraɗi. Ka sauka ka ji kowa Hausa yake yi. Zuciyarka ta ce, ai gida na zo.

Nan ne tarkon yake. Da safe ka je sayen ƙosai, mai ƙosai ta ce maka dala ashirin. Ka tsaya kana juya kuɗi a hannu, ba ka san cewa a nan sefa ce kuɗinsu, dala ɗaya kuma sefa 5 ce ba, ke nan sefa 100 take nufi, jikka kuma sefa 1,000. Yaro ya ce maka ya taso daga lakwal, wato makaranta, mushe, wato malami, ya ba su aiki. Ka gaida dattijo ya amsa da "lahiya lau." A 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma littattafan da yaran nan suke ɗauke da su da Faransanci aka rubuta yawancinsu, don haka in kana so ka taimaka musu da karatu, kai ma sai ka koma ɗalibi. Hausar da ka zo da ita babbar baiwa ce, wadda Bature zai yi shekaru yana nema. Sai dai takan sa mutum ya ɗauka ya san gari alhali baƙo makahon gari ne.

Kuma ka sani, ba kai ka kawo coci garin ba. Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai a Nijar, amma suna nan, da fastocinsu da dattawansu, wasu jikokin masu bi na farko ne. Su suka san wace magana ake yi a fili, wace ake bari sai an shiga zaure. Ƙarƙashinsu za ka zauna. Ɗan Najeriya yana da suna a maƙwabta wajen ƙarfin murya da son shugabanci, gara ka san da haka tun daga Kawo.

To ina matasan suke? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, saboda haka ba sai ka neme su ba. Abin da muke kira majalisa a Kaduna, su fada suke ce masa. Da yamma za ka ga samari a gindin bango, an shimfiɗa tabarma, ga ɗan murhun gawayi, ga 'yar butar shayi. Mai dafawa yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin ƙaramin kofi, ya mayar, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi. Na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe sa'o'i ne. Wanda ya sha na farko ya duba agogo ya miƙe, ya gaya musu ko shi wane ne.

Watanninka na farko, yawancin aikin a kan wannan tabarmar yake. Ka yi sallama, a ba ka wuri, ka yi shiru. Za ka ji gardamar ƙwallo da ta kokawa, wane ne zai ɗauki takobin zakaran kokawa bana. In an saba da kai, sai maganar gaske ta fito: wanda ya gama makaranta ba aiki, wanda yake tara kuɗin mota zuwa Agadas don ya wuce Libiya ko Aljeriya, wanda ƙaninsa ya faɗa shan ƙwaya, wanda aka ba wani yarinyar da yake so saboda ba shi da abin aure. Ka lura, irin maganganun da za ka ji a Tudun Wada ko Barnawa ne. Ranar da mahaifiyar ɗayansu ta kwanta asibiti, ka je. Ranar suna, ka je. Ranar ta'aziyya, ka riga kowa zuwa. Zumunta a ƙafa take.

Daga irin wannan zaman ne aiki yake fitowa da kansa. Wata ƙungiyar ƙwallo ta ranar Asabar. Darasin yamma ga masu shirin jarrabawa. Keken ɗinki biyu a ɗakin da ikilisiya ta ba da aro, matarka tana koya wa 'yan mata. Ga matasan coci kuma, nazarin Littafi Mai Tsarki da almajirantarwa, mutum uku ko huɗu, mako bayan mako.

Akwai wani misali da nake so ƙwarai, kuma a yankin Maraɗin nan ya faru. Wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta fama da dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa duk shekara, ashe tohon kututturen manyan itatuwa ne da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shiga aiki da manoma: a zaɓi toho mai ƙarfi, a rage sauran, a bar shi ya girma. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani, suka yi ta koya wa juna daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kimanin hekta miliyan 5. Wannan aikin bai buƙaci ko iri ɗaya daga waje ba. Haka asibitin Galmi, da SIM ta buɗe a 1950, har yau tana duba duk wanda ya zo, ba a tambayarsa addininsa a bakin ƙofa.

Wannan batu na ƙarshe ina so in tsaya a kansa, don mu 'yan Kaduna mun san tsadar zaman lafiya. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, mun ga yadda gari ya rabu a kan kogi. Mun kuma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba, sun zauna tebur ɗaya. Wanda ya taso a nan bai kamata a koya masa girmama maƙwabci Musulmi ba. Kada ka ɓoye ko kai wane ne; ka faɗa tun ranar farko cewa kai Kirista ne, ma'aikacin coci. Kada ka tara yaran mutane ba da sanin iyayensu ba. Kada ka sa taimako ya zama ƙugiya, wato a ce sai ka zo sujada za ka taɓa keken ɗinki. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa da gaskiya da ladabi. In lokacin salla ya yi, a dakatar da ƙwallo, a jira su.

[Hoto: hannu yana ƙirga takardun sefa]

Sai maganar kuɗi, wadda ba a so a yi a kan bagade. Tallafin ɗan mishan daga baikon ikilisiya da alkawuran 'yan'uwa yake fitowa, da naira. Shi kuwa da sefa yake sayen gero, da sefa yake biyan haya. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta bin naira. Da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, kuɗin da ake aika wa iyali bai canja ba a takarda, amma abin da yake saya a kasuwar can ya zube. Mu da muka yi tafi ranar keɓewa, da yawanmu ba mu taɓa yin wannan lissafin ba. Na san ikilisiyar da ta yi wata huɗu ba ta aika komai ba, ba don mugunta ba, don dai an shiga aikin ginin sabuwar majami'a an manta. Matar mai bisharar ce ta riƙe gidan da soya awara. Ga kaɗaici, ga zazzaɓin yara, ga rasuwar da za a yi a gida a binne ba ka nan. Kiran waya ɗaya daga shugaban matasa a ce, "Yaya, ya aiki? Muna tuna ku," yana da nauyin da ba za ka gane ba sai ka zauna a can.

Masu tafiya Turai da Amurka kuwa, tasu hanyar daban ce. Ingila tana da bizar ma'aikacin addini ta wucin gadi, har shekara 2, Amurka tana da wadda ake kira R-1, kuma dukansu sai wata ikilisiya ta can da hukuma ta sani ta ɗauki nauyinka. A Ingila ba za a bar ka kusa da yara ba sai an binciki tarihinka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka bizar mishan ba tare da coci ba, ka riƙe aljihunka. In kuma ci-rani kake so, ka kira shi ci-rani, ba laifi ba ne.

[Hoto: filin ƙwallo na ƙasa, da yamma]

Bayan shekara uku ko huɗu za ka zo hutu Kaduna, a ba ka minti goma ranar Lahadi ka ba da rahoto. Wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, mutum nawa aka samu?" Tambaya ce ta ƙauna, ka amsa masa da gaskiya, ko da adadin bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Sannan ka nuna musu hoton da aka turo maka jiya ta WhatsApp. Yaron nan ne da ka fara gani yana hura gawayi a fada, yanzu usur yana wuyansa, makullin ɗakin ɗinki yana aljihunsa. Asabar ce, kana nan Sabon Tasha, su kuma a can sun buga wasansu ƙarfe biyar kamar yadda aka saba.