Kunyar ɗan fari: wa zai rarrashi yaron da uwa ba ta kiran sunansa?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma muna zauren gidanmu a nan ƙasar Ringim, in kun ji kukan akuya ko ƙarar injin niƙa sai ku yi haƙuri. Ga Yaya a gefena, ga kuma Gwaggo, wadda sai da na yi mata alkawarin goro kafin ta yarda ta zauna.

Gwaggo: Goron da har yanzu ban gani ba.

Yaya: Yana aljihuna Gwaggo, sai an tashi. In na ba ki yanzu, tauna za mu yi ta ji.

Auta: To, wata baiwar Allah ce ta turo mana saƙon murya ta WhatsApp daga wajen Taura. Haihuwar fari ta yi, wata rana ta ɗauki jaririn a tsakar gida tana cilla shi tana kiran sunansa, sai uwar mijinta ta ce mata ba ta da ta ido. Abin ya yi mata ciwo, shi ne take tambaya ko laifi ta yi. Yaya, kai ne ɗan fari a ɗakinmu, fara.

Yaya: Ni dai an haife ni tun muna jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, kin ga ba yaro ba ne. Wallahi har yau ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Wancan" nake, ko "shi", ko "yaron nan". Ga furfura a gemuna, amma yaron nan. In tana son ta ji lafiyata, wayar matata take sa a kira mata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, can a ƙarshe ta ce, "Mutanen gidan duk lafiya?" To, ni ne mutanen gidan.

Auta: Ni kuwa kafin hantsi ta kira ni sau goma. Har kan cinyarta nake kwanciya.

Gwaggo: Ke ai ba a maganarki, 'yar lele. Ku yaran yanzu kuna ganin abin kamar ƙiyayya, don ba ku ga yadda aka gina shi ba. A da, yarinya in cikin fari ya kai wata bakwai, gidansu ake mayar da ita goyon ciki. Can za ta haihu, can za ta yi wankan jego da ganyen darbejiya, ta sha kunun kanwa har ta yi arba'in. Ita kanta yarinya ce, me ta sani? Uwarta ce mai wanka, ita ce mai goyo. Nono kawai ake miƙo mata shi ta ba shi. In ya kai yaye, wajen shekara biyu, sai a kai shi wurin kaka. Wani ma ba ya dawowa.

Yaya: Ni sai da na shiga aji uku na firamare na dawo.

Gwaggo: To ka gani. A can wa ya isa ya taɓa ka?

Yaya: Babu. "Maigida" take ce mini. Kullum da safe sai ta tare ni wai in ba ta kuɗin cefane ko ta kai ni ƙara wurin mai unguwa. Ƙwan zabi kuwa, in an tsinto da damina, nawa ne ni kaɗai.

Gwaggo: Shi ne zancen. Uwa ta ja baya ne don ta bar wa kaka fili. Ɗan fari ba na mutum biyu ba ne, na dangi ne. In ka nuna zalama a kansa, kamar ka ce da iyayenka da surukanka su cire hannu. Ko Fulanin da ke rugar bayan garin nan, tasu kunyar ta fi tamu tsanani, wani uban ko inuwa ɗaya ba zai zauna da ɗan farinsa ba.

Auta: Gwaggo, na ji. Amma ni inda nake tsayawa, addini bai ce haka ba. Hadisin nan yana cikin Buhari da Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka ce masa wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa.

Gwaggo: Sallallahu alaihi wa sallam. Ba na ja da hadisi. Amma wa ya gaya miki babu jin ƙai? Bari yau in fasa ƙwai. Kai, ka tuna shekarar da ka yi ƙyanda?

Yaya: Sama-sama. Na dai tuna ɗakin Kaka da duhu.

Gwaggo: Da aka aiko, uwarka ko uffan ba ta ce ba, ta ci gaba da dakanta. Da dare ya raba sai ta buga mini ƙofa, muka taka da ƙafa har garin. Ta zauna a kanka tana yi maka fifita, hawaye na zuba, kafin kiran assalatu mun dawo gida. Kwana huɗu muna haka. Akuyarta guda ɗaya tak, ta aurenta, ta ba da aka kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi aka sayar, aka yi maka magani. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba.

Auta: Yaya, ka yi shiru.

Yaya: Ban taɓa ji ba. Baba na ɗauka ya biya.

Gwaggo: Shi yana Legas ci-rani a lokacin.

Yaya: Allah Sarki Inna. To amma Gwaggo, kin ga abin da ke damuna ke nan. Shekara nawa ina ɗauke da tunanin ko ba ta damu da ni ba, sai yau? Ni ma na ci sa'a ina da Kaka. Yanzu fa? Gandu ya watse, kowa ya yanki gonarsa ya ja katangarsa. Da an gama girbi uba ya hau mota, Abuja ko Fatakwal, sai ruwan shuka. Kaka tana wani gari, ko ita ma tana fama da kanta. An daina kai yaye ya zama riƙo, amma kunyar tana nan daram. Ina ganinsu a ajina. Yarinya 'yar shekara tara, ita ce ɗebo ruwa, ita ce goyon ƙani, ita ce tallan awara, in an yi ɓarna ita ce babba ita za a daka. Ta yi kuka wa zai rarrashe ta? Uwa na jin kunya, kaka ba ta nan.

Gwaggo: Wannan kam gaskiya ne. Mu ba mu bar yaro haka a sake ba.

Auta: Kuma kada masu sauraro su haɗa da ɓoye suna don girmamawa. In an yi wa uban miji takwara aka koma ce wa yaro Abba ko Baffa, ko aka ce wa yarinya Ummi, wannan daban, yaron ya san gata ne.

Yaya: Ni babbar 'yata, sunan Inna gare ta, Ummi muke ce mata. Amma ina zama da ita, ina duba littafinta, in ta yi abin kirki in faɗa mata a gaban kowa. Ranar farko da Inna ta ga na ɗora ta a babur mun tafi kasuwa, sai da ta rufe fuska da mayafi.

Auta: To Gwaggo, me za mu ce wa mai saƙo?

Gwaggo: Ba ta yi laifi ba. Amma kada ta mayar wa uwar miji magana. In tsohuwar tana wurin, ta miƙa mata shi ta ce ga maigidanki nan ya hana ni aiki. Ita ma abin da take nema ke nan, a ba ta nata kason. In ta shiga ɗaki kuwa ta yi ta cilla abinta, ta kira sunan har ya gaji da ji.

Auta: Madalla. Tunda haka ne Gwaggo, ga dama ta samu, naki ɗan farin yana Kano yana jin mu. Kira sunansa sau ɗaya, ki gaishe shi.

Gwaggo: Ke, ki kiyaye ni. Mutanen Kano dai ina gaishe su.

Yaya: Mutanen Kano, kun ji ku.

Gwaggo: Kashe abin nan haka, la'asar ta yi. Kai kuma miƙo gorona.