Yadda Ake Gane Launin 'Ya'yan Ƙaramar Mesa

Assalamu alaikum. Jama'a, ku ɗan matso gaba, don hotunan ƙanana ne.

Mesar da za mu yi magana a kanta ita ce ƙaramar nan da ke dunƙulewa ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata. 'Yar Afirka ta Yamma ce, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai. Can masu kiwo suka yi ta barbara har suka samu launuka barkatai. Bob Clark ya fara ƙyanƙyashe zabiya a 1992, Peter Kahl kuma ya fitar da mai dabbare-dabbare, wadda suke kira fayid, a 1997.

To, ƙwai ya kusa wata biyu, ya fashe, ga ɗan maciji a tafin hannunka. Kada ka yi gaggawar raɗa masa suna. Bari ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya zuwa biyu, sannan ka kai shi hasken rana, domin fitilar ɗaki tana ƙarya.

Zabiya ba ta da wahala: jan ido, jiki fari da ruwan ɗorawa. Fayid ma haka, fari fat sai tsibiran zane. Inda ake tafka gardama shi ne launin da ake kira fastel. Dubi kansa, za ka ga kamar an wanke shi ya koɗe, leɓen fari, idon ya yi haske har da ɗan kore. Amma fastel yana duhu in ya girma. Wanda ake kira azantik ma yakan fito baƙi da ruwan toka, kyakkyawa, shekaru kaɗan ya koma ruwan ƙasa. Mai launin ayaba kuwa, tsaf yake fitowa, daga baya baƙaƙen ɗigo su yi ta ɓullo masa. Kuma ku riƙa juya su ku duba ciki. Akwai irin da ba a gane shi sai ta gefen ciki.

Ni dai a ganina, takardar iyaye ta fi ido. Ido yana yaudara, gado ba ya yi. In ka haɗa mohabi da lesa, wasu irin launukan mesar nan biyu, kana iya samun fari tas mai shuɗin ido. In babu irin waɗannan a iyayen, kada ka sa ran ganinsa.

Wani ya tambaya ɗazu kan abin da 'yan kasuwa ke kira het. Shi ne maciji mai ɗauke da gadon zabiya ko fayid a ɓoye, ga shi kamar kowane na daji. In uwa da uba duk het ne na zabiya, kowane ƙwai yana da damar 1 cikin 4 ya fito zabiya. Sauran da suka fito da launin daji, 2 cikin 3 ne ake sa ran suna ɗauke da gadon. Daga nan aka samo kashi 66 da kuke gani a talla. Dama ce ake sayar maka, ba tabbas ba, sai ka biya kuɗin dama.

Sai irin da ake kira gizo-gizo, mai siraran layuka a baya. Yana da kyau, amma gadonsa tare yake da larurar jijiya: kai na rawa, wani har ya kasa cafke ɓera daidai. Ku sa masa abinci ku tsaya ku kalla kafin ku ciro kuɗi.