Tsokar da Ba Ta Jiran Umarninmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wa ya taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi? To, ba kai ka tayar da ita ba. 'Yar tsoka ce a gindin kowane gashi ta tsuke. Irinta ce a bangon hanji, da mafitsara, da hanyoyin jini, da mahaifa. Ƙundun kazar da muke so a miya ma ita ce, kuma da shi masana suka yi bincike mai yawa a kanta.

In aka sa tsokar damtse a madubin likita, za a ga layi-layi a jere. Wannan tsokar da ba ta jiran umarninmu kuwa sumul take, ba layi. Kowace ƙwayarta kamar ƙwallon dabino ce, ciki da kauri, baki biyu a tsuke, cibiya ɗaya a tsakiya. Zaruruwa biyu ke aikin, aktin da mayosin, sai dai a karkace suke, an ɗaure su a wasu ƙulle-ƙulle cikin ƙwayar da jikin bangonta. Shi ya sa in ta tsuke take murɗewa, kamar mace tana matse wanki.

Yaya take farawa? Sinadarin kalsiyam ya shiga cikin ƙwayar, ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, su biyun su tayar da sinadarin da ke liƙa wa mayosin fosfet. Sai a lokacin mayosin ya cafki aktin ya ja. Hanya ce mai tsawo, don haka ba ta da gaggawa. Amma fa in ta riƙe, ta riƙe, da ɗan ƙarfi kaɗan take daɗewa. Masu shan amlodipine saboda hawan jini, ƙofar kalsiyam ɗin nan maganin ke tarewa, hanyar jini ta saki.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ɗakin haihuwa. Ƙwayar tsokar mahaifa, a cikin mai juna biyu, tsawonta kan kai rabin milimita. Da mabiyiya ta fita, hanyoyin jini a buɗe suke, kuma tsokar nan ce ke tsukewa ta shaƙe su. In ta kasa tsukewa, jini ya ɓalle. Wannan ne ya fi jawo zubar jini bayan haihuwa. Don haka ungozoma ke murza marar uwa har ta ji mahaifa ta yi tauri a ƙarƙashin tafinta, a kuma yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke. Iyayena mata, in an sa hannu ana murzawa, da zafi, na sani, amma a daure a bari.