Premiere, Final Cut, Resolve ko Avid: Wacce Za Ka Ɗauka Don Tace Bidiyo?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Manhajoji huɗu ne ƙwararrun masu tace bidiyo suka fi aiki da su, kuma kowacce za ta fitar maka da aiki mai kyau. Inda suka sha bamban shi ne kuɗi, da irin kwamfutar da kake da ita, da waɗanda za ka yi aikin tare da su.

Premiere Pro ta kamfanin Adobe tana aiki a Windows da Mac. Masu amfani da ita suna da yawa, don haka in ka miƙa wa wani aikinka ya ƙarasa, da wuya ya rasa yadda zai buɗe. Tana kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da After Effects, wata manhajar ta Adobe, wajen rubutu mai motsi. Sai dai tun 2013 Adobe ya daina sayar da ita gaba ɗaya, haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara. Ka daina biya, ta daina aiki.

Final Cut Pro ta Apple kuwa za ka iya sayenta sau ɗaya, kusan dala 300, kuma tana da sauri ƙwarai. Amma ba ta aiki a Windows. In ba ka da Mac ko iPad, maganar ta ƙare.

Yanzu ga wadda nake so ku saurara da kyau: DaVinci Resolve. Asalinta ta gyaran launi ce a manyan ɗakunan fim. Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya saye ta a 2009, ya yi ta ƙara mata sassa har ta zama cikakkiya: yankan bidiyo, gyaran launi, Fairlight na sauti, da Fusion na siddabarun hoto, duk a wuri guda. Akwai ta kyauta, kuma ba ta ɗanɗano ba ce, tana fitar da bidiyo har 4K, wato hoto mai kaifi sosai. Babbar, wato Studio, dala 295 ce, biya ɗaya. A ganina, mai koyo ba shi da dalilin kashe kuɗi kafin ya gwada wannan. Sharaɗinta dai ɗaya: tana son kwamfuta mai ƙarfin katin sarrafa hoto. In taka mai rauni ce, bidiyon zai riƙa tsayawa. Dabarar ita ce ka sa ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi, ka yi tacewar da su, in ka zo fitarwa sai ta koma kan na asali.

Saura Avid Media Composer, wadda ta fito tun 1989. Ita ce ta manyan finafinai da gidajen talabijin, saboda mutane da yawa suna iya aiki a kan fim ɗaya lokaci guda ba tare da wani ya ɓata na wani ba. In can ka dosa, koyonta ya zama dole. Kafin ka zaɓa, tambayi wanda zai ba ka aiki da wacce yake amfani.